Ƙurar Auta

"Ga mutuminka can tafe."

"Wanne? Ai mutanena yawa gare su."

"Mai jakar nan ruwan toka, wanda ke rungume ta kamar an ba shi riƙon jariri."

"Kai, ashe yau Asabar. Janye kujerar nan ka zauna a kai, in ya same ta ba mai tayar da shi sai rana ta take tsaka."

"Wai har yanzu bai sayi komai ba?"

"Shekara uku ke nan. Kayan shagon nan ya fi ni saninsu. Sai ya ɗauki abu ya jujjuya, ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya tambaye ni ƙasar da aka ƙera shi, ya ajiye, ya ce zai yi tunani. In ka ce kawo kyamarar in ɗaura maka ka gwada, sai ya ƙanƙame jaka kamar matarsa na ce ya ara min."

"Ka tabbata akwai kyamara a ciki? Kada ka je burodi ne."

"Rufa mana asiri, ya iso. A'a, Malam! Lale, yanzu muke maganar alherinka."

Mai shagon kyamarori ne da maƙwabcinsa mai gyaran agogo, wanda ke kafa teburinsa a bakin ƙofar shagon. Mutumin da suke yi da shi ya ji rabin zancen, don kunnensa ƙalau yake, amma ya yi kamar bai ji ba. Ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ya kakkaɓe takalmi, ya shiga. Abin da ba su sani ba, wannan Asabar ba irin sauran ba ce. Kwana biyu suka rage masa.

A wurin aiki Jan Biro ake ce masa. Shekara ashirin da shida yana kan tebur ɗaya, gefen taga, a wata maɗaba'a da ke buga littattafan firamare da kalanda da 'yan takardun nan da ake naɗewa a cikin kwalin magani. Aikinsa shi ne ya karanta kafin inji ya ci. In harafi ya faɗi, ko ɗigo ya sauka inda ba a aike shi ba, sai ya zagaye shi da ja ya tura takardar baya, ko uffan ba ya cewa. An taɓa tsayar da inji rabin yini saboda shi, wai ya hango ɗigo a kan wani harafi. Da aka duba ashe ƙuda ne ya yi aikinsa a wurin. Masu inji sukan ce ranar da ya rasu sai an kai masa sanarwar ya duba kafin a buga, in ba haka ba tasowa zai yi.

Kyamarar ta hannu ya saya, shekara tara da suka wuce, da idanu biyu, wato gilasan nan da ake kwancewa daga gabanta a ɗaura wani: dogo na jawo nesa, da gajere na kusa. Ranar hutu sai ya rataya jaka ya fita ɗaukar hoto da ƙafa. Tankin ruwa, gadar jirgin ƙasa, tsuntsaye a jere kan wayar lantarki, tsohuwar ƙofar da fentinta ya ɓaɓɓare. Ban da mutane. In aka ce ya ɗauki wani, amsarsa ɗaya ce: idanun nan ba na fuska ba ne, akwai wani na musamman da ke fitar da mutum fes ya narkar da abin da ke bayansa, sai ya saya tukuna. Littattafan tallan kaya ya haddace su kamar mai shirin jarrabawa, amma maɓallin da ke saman kyamarar bai taɓa gusar da shi daga koriyar alama ba, inda take yi wa kanta komai.

Ƙanensa ne ya raɗa masa suna na biyu. Su biyu mahaifiyarsu ta haifa. Shi take kira Babba, ƙanen kuma Auta, ko da gemunsa ya fara furfura. Kafinta ne, sarkin surutu, mai dariya da baki buɗe, fensir kullum a bayan kunne. Da ya hango wansa da jaka sai ya ɗaga murya duk layi su ji: "Ga Sai-Na-Saya! Yau wane tanki ne ya ci sa'a?"

Wata ranar Talata Auta ya kira shi ya zo ya ɗaukar masa hoton wasu kujeru shida da ya gama, don ya riƙa nuna wa masu saye. Jan Biro ya je a lokacin hutun cin abinci, da dogon ido a ɗaure. Shagon ƙanƙane ne, dogon ido ba ya aiki a ciki. Sai ya ɗora jaka a kan benci, ya kwance idon, ya bar cikin kyamarar a buɗe yana laluben gajeren. A daidai nan Auta, da ke goge wani katako da samfefa, ya cika baki da iska ya hure shi. Garin katako ya tashi fari fat, ya sauka a kan komai.

"Kai wane irin mutum ne? Ba ka ga a buɗe take ba?"

"Yi haƙuri, Yaya. Ai ba jaririya ba ce, mura ba za ta kama ta ba."

"Ka san abin da ke cikin nan? Ko da yake ina za ka sani, kai da duk iliminka a kan ƙusa ya ƙare."

"To na ji. Zo ka ɗauke ni mu shirya." Ya jingina da benci, ya gyara zaman fensir, ya turo ƙirji. "Ta wannan gefen na fi kyau. Yi sauri kafin murmushin ya huce."

"Sai na sayi na fuska."

"Sai ka saya," in ji Auta yana dariya. "Allah ya nuna mana."

Jan Biro ya ɗauki hoton kujerun shida, fuska a murtuke, ya fita ba sallama. Kwana tara bayan nan ƙafar Auta ta zame daga rufin wani bene da yake ɗora wa katako. Wayarsa ta faɗo tare da shi ta tarwatse, shi ma bai ƙara tashi ba. Da aka zo neman hotonsa, sai na katin shaida da ya ɗauka tun yana saurayi, da wasu na cikin taro inda rabin fuskarsa ke leƙowa ta bayan kafaɗar wani. A gidan da ake da mai kyamara. A hoton kujera ta huɗu akwai babban yatsan Auta daga gefe, da baƙin farce, yana tallafe da kujerar don kada ta karkace.

Sai da Jan Biro ya yi wata biyu bai taɓa jakar ba. Ranar da ya fita, tankin nan ya ɗauka, sararin sama a bayansa tas. Da ya buɗe hoton a kwamfuta sai ga wani ɗigo a sama ta hagu, ruwan toka, kamar ƙwayar shinkafar da ta ɗan lanƙwashe. Ya duba na gada, yana nan. Na tsuntsaye, yana nan, wuri ɗaya. In ka daɗe kana kallonsa sai ka ga kamar mutum ne can nesa ya duƙa yana duba ko katako ya miƙe.

Ya san ko mene ne. Garin katako ne ya shige ya manne a ɗan allon ciki da hoto ke sauka a kai. Ya kuma san yadda ake goge shi a kwamfuta, dannawa ɗaya ce. Ya kai 'yar kibiyar kwamfutar daidai kan ɗigon, shi da ya tsufa a farautar ɗigo, ya zauna a haka har shayinsa ya yi sanyi. Tun daga ranar bai ƙara kwance gajeren idon ba, bai kuma bar hannun kowa ya taɓa kyamarar ba. Shi ya sa yake zuwa shago ya koma ba komai: duk idon da zai saya, sai an buɗe ta.

Matarsa ce ta nuna wa Inna, mahaifiyarsu, hoton. Tsohuwar na zaune tare da su a hawa na uku, kuma tun da ƙugunta ya karye ba ta sauka sai in asibiti za a kai ta, shi ma a kwance, mutum huɗu na nishi a matakala. Ta kai hoton dab da hanci, ta daɗe, sannan ta ce, "Ku bar min wannan." Daga nan bangon da ke fuskantar gadonta ya fara cika da tankuna da gadoji. Duk ranar hutu in ya dawo sai ta tambaya, "Yau ina kuka je?" Shi kaɗai ya fita. Yakan amsa, "Bakin tasha muka je, Inna."

Abu ɗaya ne ya hana shi sukuni. Sau uku yana ɗaukar hoton Inna a ɗakinta, don ya daina cewa sai ya saya, kuma duk sau ukun ɗigon bai fito ba. Ɗakin duhu-duhu ne, tagarsa na kallon bangon maƙwabta. Bangon bayan gadonta ya fito sumul, ba komai. Ta duba sama ta hagu, ta miƙo masa abinsa.

"Wannan ai tsohuwa ce ita kaɗai. Me zan yi da ita?"

Mutum ne mai hankali, ya san ƙura ba ta da zuciya. Duk da haka in yana hawa matakala yakan ji abin a ƙirjinsa: Auta na binsa wurin tankuna don ya yi masa dariya, amma hoton mutane ya ƙi shiga. Kamar yana cewa: ka hana ni, to riƙe abinka.

Ranar Alhamis likitoci suka sa ranar yi mata aiki a zuciya. Litinin da safe. Babban likitan bai ɓoye musu ba cewa a shekarunta ba kowa ke farkawa ba. Inna ta saurari bayanin kamar labarin wata ake ba ta. Sai da aka dawo da ita gida, suka rage su biyu, ta ce, "Babba, kafin Litinin ina son hotona da ɗan'uwanka. A ɗakin nan, ina zaune, ba a kwance kamar kaya ba."

A kicin matarsa ta rage murya. "Kai da ka iya gogewa, ba ka iya ɗorawa ba? Ka ciro shi daga hoton tanki ka manna mata a kafaɗa. Wa zai sani?"

"Ni."

"Kai dai da taurin kai. Tsohuwa ce, idon ma ba ya gani sosai."

"Ta gane ɗanta a ɗigo, kina ganin ba za ta gane na jabu ba?"

Ta juya masa baya. Can ta buɗe kabad ta ɗauko gwangwanin da take adana masa kuɗin ido tun shekara uku, ta dangwarar a gabansa. "To je ka sayi abin nan da ka ishe mu da zancensa. Ƙila duhun ɗakin ne ya yi masa yawa. In kuma ka dawo ka ce min za ka yi tunani, a matakala za ka ci abinci."

Abin da ya kawo shi shago ke nan.

"Yau saye na zo," ya ce.

Mai shago ya leƙa waje. "Mai agogo, duba min lokaci, ina so in rubuta a bango." Sai ya ga fuskar mutumin, ya bar wasa. Ya buɗe akwatin gilashi ya ɗauko idon fuskar nan, wanda shatin yatsun Jan Biro ya fi na kowa yawa a jikinsa. "Na ɗaki mai duhu kake so? Ba kamarsa. Wangalewa yake kamar ƙofar gareji ya sha haske. Amma ni ba na sayar da ido ba a gwada ba."

"A kashe fanka," in ji Jan Biro.

Aka kashe.

"Shi ma ya ajiye abin hurawar nan."

Mai agogo ya ajiye 'yar robar da yake hure ƙura da ita, ya harɗe hannu. Shagon ya yi tsit, ba ka jin komai sai agogunan tebur suna bugawa, kowanne da tafiyarsa. Jan Biro ya fito da kyamarar, ya kifa fuskarta ƙasa, ya danna, ya murɗa. Idon da bai motsa ba shekara uku ya yi 'yar ƙara ya sake. Ya ɗaura sabon.

"Bari in buɗe maka shi duka ka ga aikinsa," in ji mai shago, kafin a hana shi ya miƙo yatsa ya gusar da maɓallin sama.

Jan Biro ya fita bakin ƙofa, ya saita wani farin bango a tsallaken titi, inda rana ke duka, irin wurin da ɗigon ba ya fashi. Ya ɗauka, ya duba.

Bango fari tas. Sama ta hagu ba komai.

Ya sake ɗauka. Ya ƙara girman hoton har ya dagargaje, ya bi kusurwar da yatsa. Sai ya waiga yana neman wurin zama, mai agogo ya tashi da sauri ya ba shi kujerar.

"Ya faɗi," ya ce. "Na buɗe, ya faɗi."

"Me ya faɗi? Murfi?"

A nan ya ba su labari, a gajarce, ido a ƙasa, kamar mai karanta takardar magani. Kujeru shida, garin katako, kwana tara, Litinin. Ba wanda ya yi dariya. Mai agogo ya cire ɗan gilashin da ke maƙale a idonsa ya sa a aljihu.

"Malam," in ji mai shago, "ka yarda in riƙe ta? Wallahi ba zan buɗe ba."

Ya miƙa masa da hannu biyu. Mai shago ya murɗa wani ɗan maɓalli har ƙarshe, ya saita bangon nan, ya ɗauka, ya juyo masa da hoton. Ga shi nan. Ya ma fi kullum fitowa, har lanƙwasar bayansa.

"Ba inda ya je. Ka ga, in ido ya wangale, ƙura narkewa take, ba a ganinta. In ka tsuke shi, kamar yadda kake yi in rana ta dake ka, sai ta fito. A waje kyamararka da kanta take tsukewa. A ɗakin tsohuwa kuwa buɗewa take don ta sami haske. Shekara tara kana kan koriyar alama, ai dole."

"Ke nan ba ƙin shiga ya yi ba."

"Wa?" Sai mai shago ya gane, ya gyara murya. "A'a. Kullum yana ciki. Kai ne ba ka gani."

Jan Biro ya cire tabarau, ya daɗe yana gogewa da gefen riga.

"To wannan zan saya," ya ce. "In bar shi a ɗaure, ba sai an sake buɗe ta ba. In na je ɗakin sai in tsuke shi."

"Ɗakin taku nawa ne?"

"Daga gado zuwa ƙofa, taku uku."

Mai shago ya kalli idon, ya kalli gwangwanin da ke leƙowa daga jaka, ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda ya ga ciniki na fita ta taga. "Ba zai yi ba. A taku uku fuskarta kaɗai za ta cika hoton, ɗan'uwanka a goshinta zai sauka. Gajeren naka ne daidai."

"Fitilar filasha fa?"

"Za ta jefa inuwarta baƙi ƙirin a bango ta haɗiye shi. Ga kuma idon tsohuwa." Ya nufi lungu, ya sauke laimarsa da hularsa daga kan wani mariƙi mai ƙafa uku. Ya cika baki zai hure ƙurar jikinsa, sai ya tuna, ya haɗiye iskar, ya fita da shi waje ya goge da tsumma. "Ga abin da kake buƙata. In ka tsuke ido a duhu, kyamara sai ta daɗe tana shan haske, sakan biyu ko uku. Hannun ɗan Adam ba ya tsayawa haka, balle naka yau. Wannan kuwa ba ya da ɗan'uwa, ba ya rawa."

"Ban taɓa dubansa a littafin kaya ba."

"Wa ke dubansa? Shekara uku ina jiran in sayar maka da sarkin shagon nan, yau ga ni ina ba ka maratayin laima. Mai agogo, ka shaida."

"Na shaida. Har matarka sai ta ji."

Sai buɗewa ta biyu. Jan Biro ya yi ta da sauri, numfashi a tsaye. Bayan ya mayar da gajeren, ya ɗan jima da idon fuskar a tafin hannunsa, don shi ne dai wanda ya ce sai ya saya. Ya ajiye shi a kan gilashi, ya tura wa mai shago da yatsa ɗaya. Aka sake gwada bango. Ɗigon na nan, amma ya ɗan sauko, ya kuma karkata, kamar wanda ya gaji da duƙawa ya nemi jingina.

Mai shago ya ɓata fuska. "Ya fara sakewa. Kada ka bari ta bugu da komai."

Bai hau mota ba. Da ƙafa ya koma, tafiyar awa ɗaya da rabi, jaka a ƙirji, mariƙi a hammata, yana kauce wa ramuka da masu gaggawa kamar mai ɗauke da kwano cike da ruwa. Matakalar gida ma ɗaya-ɗaya ya hau ta. Matarsa ta buɗe ƙofa, ta dubi abin da ke hammatarsa sama da ƙasa.

"Wannan ne idon?"

"Ƙafa ce."

"Shekara uku. Ka tafi sayen ido ka dawo mana da ƙafa." Amma ta matsa ta ba shi hanya, ta kuma kare jakar da hannu don kada ta bugi ƙyaure.

Lahadi da hantsi, lokacin da ɗan hasken da ke samun ɗakin ya fi yawa, matarsa ta yi wa Inna wanka, ta sa mata rigar da ta zaɓa da kanta, ta jera matasai uku a bayanta har ta zauna sosai. Jan Biro ya kafa mariƙin a bakin ƙofa, ƙafa biyu a ɗaki, ɗaya a waje. Ya ɗaura kyamarar, ya tsuke idon yadda aka koya masa. Ya gyara nan, ya gyara can, ya koma ya gyara inda ya riga ya gyara.

"Inna, akwai maganar da ban taɓa faɗa miki ba."

"In ta asibiti ce ka riƙe abarka."

"Ta ɗigon nan ce. Ba wani abu ba ne, Inna. Garin katako ne. A shagonsa ya shiga, ranar da muka yi faɗa. Ya ce in ɗauke shi, na ƙi."

Ta dube shi kamar yadda take dubansa yana yaro in ya zo da labarin da ta riga ta ji a wurin maƙwabta.

"Ka gama? Da kai kana tsammanin aljani na ɗauka? Ni fa na haifi kafinta. Tun yana shekara goma sha biyu nake kakkaɓe garin nan daga gashinsa, daga kunnensa, har daga cikin abincinsa. In ya shigo ɗakin nan ya fita sai an yi shara. Da ya rasu aka share ko'ina, aka wanke tufafinsa aka bayar, shagon ma yanzu mai aski ne a ciki. Wannan kaɗai ya rage." Ta tsaya ta huta, ƙirjinta na hawa da sauka. "Faɗan kuwa da yamma ya zo ya ba ni labari, yana riƙe ciki don dariya. Ya ce ya hure wa Yaya amaryarsa."

Matarsa ta juya fuska wajen taga.

"Amma da ka ɗauke shi, Babba."

"Da na ɗauke shi, Inna."

"To. Yi abin da ya kawo ka, bayana ya fara ciwo."

Ɗigon ba a ganinsa ta ramin leƙawa, sai an ɗauka an duba. A na farko ya sauka a kan ɗankwalinta. Jan Biro ya ɗaga mariƙin a hankali, ya gusar da shi faɗin yatsa biyu. A na biyu ga shi a fili, a farin bango, dab da saman kafaɗarta, kamar ya sunkuyo zai raɗa mata magana. Sai dai fuskar Inna ta watse. Numfashinta ne ke ɗaga ta yana saukewa, a sakan uku idanunta biyu sun zama huɗu. Na uku ma haka. Shi ya fito ras, ita kamar hayaƙi.

Ya daɗe yana kallon wannan hoton. Ya kuma ga, ko idonsa ne, kamar ɗigon ya ƙara saukowa a kan na jiya.

"Ta gaji," matarsa ta ce a hankali. "Ka bari zuwa anjima."

"Anjima hasken ya tafi," in ji Inna, ido a lumshe. "Gobe kuma ba tawa ba ce. Me ya hana?"

"Motsi ne, Inna. Kina motsi."

"Ni da ko juyi ba na iya yi sai an juya ni?"

"Numfashi ne."

Ta buɗe ido ta dube shi, ta dubi baƙin gilashin da ke kallonta daga bakin ƙofa. Ta gyara wuyan rigarta, ta ɗora hannu ɗaya kan ɗaya a cinya, ta ɗan karkatar da kai wajen bangon da ba kowa. Jan Biro ya share tafin hannunsa a wando, ya kai yatsa kan maɓalli. Muryar da ta fito masa ba ta yi kama da tasa ba.

"Sakan uku ne kawai. In na ce yanzu, ki riƙe numfashinki, kada ki motsa." Ya ɗago ya dube ta. "Amma da na ce ki sake, Inna, don Allah ki sake."